Hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara Kafin a Yanke Hukuncin Ƙarshe

Kotun ɗaukaka ƙara ba ta tsoma baki a shari'a duk lokacin da ta ga dama. Doka ce ke ba ta iko, kuma dokar ce ke faɗin lokacin da ikon yake farawa. A mafi yawan ƙasashe, asalin ƙa'ida shi ne kotun sama ta dakata har kotun ƙasa ta gama aikinta. Sai dai daga ranar da aka shigar da ƙara zuwa ranar da aka rufe ta, alƙali yana yanke hukunce-hukunce da dama a kan hanya: ya ba da beli ko ya hana, ya karɓi wata takarda a matsayin hujja ko ya ƙi, ya hana a taɓa filin da ake rigima a kansa, ko ya ce kotunsa tana da ikon sauraron maganar. Wanda ɗaya daga cikin waɗannan bai yi wa daɗi ba, zai iya garzayawa kotun sama nan take, ko sai ya haƙura har ƙarshe?

A Nijeriya ana yawan samun ruɗani iri biyu a kan wannan. Wasu suna ɗauka babu ɗaukaka ƙara sai bayan an gama shari'a. Wasu kuma da zarar sun ji a rediyo cewa wani ya ɗaukaka ƙara, sai su ɗauka shari'ar ta tsaya cak. Doka ba ta faɗi ko ɗaya daga cikin biyun ba.

Ma'anar kalmomi

Hurumi shi ne ikon da doka ta ba kotu na sauraron wata magana da yanke hukunci a kanta. Tun 1962, a shari'ar Madukolu da Nkemdilim, Kotun Ƙoli ta shimfiɗa sharuɗɗansa: alƙalan su cika adadi da cancanta, maganar ta kasance cikin abin da kotun ke da iko a kai, kuma a kawo ƙarar ta hanyar da doka ta tsara, bayan an cika duk wani sharaɗin da ya kamata ya gabata. Idan ɗaya ya ɓace, duk abin da kotun ta yi ya tashi a banza, komai kyawun yadda aka gudanar da zaman.

Hukuncin ƙarshe shi ne wanda ya raba gardama tsakanin masu shari'a, ta yadda babu abin da ya rage wa alƙalin ya warware a kan haƙƙinsu. Da zarar ya yanke shi, hannunsa ya fita daga maganar; ba zai koma ya sake ta ba, sai dai gyaran ɗan kuskuren rubutu ko lissafi. Ƙwarya-ƙwaryan hukunci kuwa shi ne wanda aka yanke a tsakiyar shari'a, ya warware wani ɓangare ko ya tsara yadda za a ci gaba, ainihin rigimar tana nan. Izini shi ne amincewar da mutum zai nema daga kotu kafin a buɗe masa ƙofar ɗaukaka ƙara. Dakatar da shari'a kuma umarni ne daban, wanda ke sa kotun ƙasa ta jingine zamanta har kotun sama ta gama.

Yadda ake rarrabe hukunce-hukuncen biyu

Kundin tsarin mulkin 1999, a sashe na 318, ya ba kalmar hukunci faffaɗar ma'ana, har ta haɗa da umarni da samun mutum da laifi da yanke masa horo. Amma bai fayyace wanne ne na ƙarshe ba. Kotuna ne suka cike wannan giɓi, kuma sun yi haka da ma'aunai biyu da aka gada daga Ingila.

Na farko ya fito daga shari'ar Salaman da Warner ta 1891. Shi yana duban irin buƙatar da aka gabatar wa kotu: hukunci ba zai zama na ƙarshe ba sai idan buƙatar za ta kawo ƙarshen shari'a ko ta wane ɓangare aka yanke. Na biyu ya fito daga shari'ar Bozson da Hukumar Garin Altrincham ta 1903, kuma yana duban umarnin da alƙali ya bayar a zahiri: ya warware haƙƙin masu shari'a baki ɗaya, ko bai warware ba?

Bambancin yana fitowa fili a misali. Wani ya kai ƙarar bashi, wanda ake ƙara ya ce wa'adin da doka ta ba da na shigar da irin wannan ƙara ya wuce, alƙali ya yarda ya kori ƙarar. A ma'aunin Salaman wannan ƙwarya-ƙwaryan hukunci ne, domin da alƙalin ya ƙi buƙatar da an ci gaba da shari'a. A ma'aunin Bozson na ƙarshe ne, domin mai ƙara ya fita kotu ba shi da sauran abin nema a gabanta. Kotun Ƙolin Nijeriya ta tsaya a kan ma'aunin Bozson a shari'ar Akinsanya da bankin UBA a 1986, kuma shi ake bi har yau. Ya fi dacewa da hankali, domin yana kallon abin da ya sami mutum, ba sunan takardar da lauya ya shigar ba.

Duk da haka ma'aunin bai kashe gardama ba, musamman a kan hurumi. Idan alƙali ya ce ba shi da hurumi ya kori ƙara, wannan hukuncin ƙarshe ne ko da ba a saurari shaida ko ɗaya ba. Idan kuwa ya ce yana da hurumi ya ci gaba, hukunce-hukuncen manyan kotuna sun saɓa wa juna: wasu sun ɗauke shi ƙwarya-ƙwarya tunda shari'a tana gudana, wasu sun ɗauke shi na ƙarshe tunda alƙalin ba zai sake komawa kan batun ba. Lauya mai hattara yakan ɗauki mafi tsaurin fassarar, ya shigar da takardunsa cikin gajeren wa'adi.

Abin da kundin tsarin mulki ya tanada

Sashe na 240 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara, wadda aka kafa a 1976, ikon sauraron ƙararraki daga Babbar Kotun Tarayya, manyan kotunan jihohi da ta Abuja, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci, ta al'adun gargajiya, da kotun soja. Sashe na 241 da na 242 su ne suka raba hanya biyu: inda mutum ke da haƙƙin ɗaukaka ƙara kai tsaye, da inda sai ya nemi izini.

Hukuncin ƙarshe na babbar kotun da ta fara sauraron magana, ana ɗaukaka shi kai tsaye, ko farar hula ko laifi. Amma sashe na 241 bai tsaya nan ba. Ya buɗe ƙofa kai tsaye ga duk ƙorafin da ya tsaya a kan doka zalla, ba tare da la'akari da ko an gama shari'a ba. Haka nan inda ake gardama a kan fassarar kundin tsarin mulki, ko tauye haƙƙoƙin ɗan Adam da ke babi na huɗu, ko hukuncin kisa. Ya ƙara da inda maganar ta shafi 'yancin walwalar mutum ko riƙon yaro, da inda kotu ta ba da umarnin hani ko ta ƙi bayarwa, da naɗa wanda zai riƙe dukiyar da ake shari'a a kanta. Abin da bai shiga wannan jeri ba, sashe na 242 ya ce sai da izinin babbar kotun ko na Kotun Ɗaukaka Ƙara. Akwai kuma inda sashe na 241 ya rufe ƙofa gaba ɗaya, kamar hukuncin da ya ba wanda ake ƙara damar kare kansa ba tare da sharaɗi ba. Hukuncin da aka yi da yardar ɓangarorin biyu, ko wanda ya shafi kuɗin ɗawainiyar shari'a kawai, sai da izini.

A nan ne Nijeriya ta bambanta da ƙasashe da yawa. Ƙofar doka zalla tana da faɗi ƙwarai, domin ƙorafi a kan hurumi yawanci ana iya tsara shi ya zama na doka. Wahalar ita ce rarrabe ƙorafin doka zalla daga wanda ya gauraya da abin da ya faru. Idan ana cewa alƙali ya ɗora dokar da ba ta dace ba a kan abubuwan da kowa ya yarda da su, wannan doka ce. Idan ana cewa bai auna shaida daidai ba, ko bai yi amfani da damar zaɓinsa yadda ya kamata ba, to gauraye ne, sai da izini. Kotu ba ta bin lakabin da lauya ya liƙa wa ƙorafinsa. Tana karanta shi tare da dalilansa ta ga me yake nema a zahiri.

Daga Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci, sashe na 244 ne ke aiki, kuma ya ba da haƙƙin ɗaukaka ƙara kai tsaye a shari'ar farar hula da ta shafi al'amura irin su aure, gado, wasiyya da waƙafi. Daga Kotun Ɗaukaka Ƙara zuwa Kotun Ƙoli kuwa sashe na 233 ne ya tsara hanya.

Wa'adi, da sakamakon kuskure

Muhimmancin rarrabewar ya fi bayyana a wa'adi. Dokar Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ba da wata 3 ga hukuncin ƙarshe a shari'ar farar hula, amma kwana 14 kacal ga ƙwarya-ƙwaryan hukunci. A shari'ar laifi kwana 90 ne. Wanda ya ɗauki hukunci a matsayin na ƙarshe, ya zauna wata biyu yana tara kuɗin lauya, sannan kotu ta ce ƙwarya-ƙwarya ne, ya makara. Idan izini ake buƙata, ana fara nemansa a kotun ƙasa. In ta hana, doka ta ƙara kwana 15 don a sake nema a kotun sama.

Rashin neman izini inda ya wajaba ba ƙaramin kuskuren takarda ba ne. Yana hana kotun sama hurumi, kuma yardar ɗaya ɓangaren ba ta gyara shi. Kotu za ta kori ƙarar ba tare da ta leƙa ko mai ita yana da gaskiya ba. Wanda wa'adi ya ƙure masa yana da mafita, amma sai ya haɗa buƙatu uku a takarda ɗaya: a ƙara masa lokacin neman izini, a ba shi izinin, sannan a ƙara masa lokacin ɗaukaka ƙarar. Sai kuma ya nuna dalili mai ƙarfi na jinkirin, da cewa ƙorafinsa yana da abin dubawa.

Ba dole ba ne mutum ya ɗaukaka ƙara nan take. Yana iya jira a gama, ya haɗa ƙorafinsa a kan ƙwarya-ƙwaryan hukuncin da na hukuncin ƙarshe, ya nemi ƙarin lokaci inda ake buƙata. Ƙorafi a kan karɓar hujja ko ƙin karɓarta kuwa, kotuna suna ɗaukarsa wani yanki na ainihin shari'ar, don haka ana iya kawo shi a ƙarshe. Manyan alƙalai sun sha ba lauyoyi shawarar bin wannan hanya.

Ɗaukaka ƙara ba ta dakatar da shari'a da kanta

Shigar da takardar ɗaukaka ƙara ba ya ɗaure hannun alƙalin ƙasa. Sai an nemi umarnin dakatarwa daban, kuma kotu tana da zaɓin bayarwa ko hanawa. Tana duban ko akwai sahihiyar ƙara a gaba, ko ƙorafin zai iya kawo ƙarshen shari'ar baki ɗaya idan ya yi nasara, da ko ci gaba da zama zai sa hukuncin kotun sama ya zo bayan aikin gama ya gama. Bayan an tattara bayanan shari'a an aika, aka yi wa ƙarar rajista a kotun sama, ikon batun da aka ɗaukaka ya koma can. Ƙa'idojin Kotun Ɗaukaka Ƙara na 2021 sun fayyace cewa wannan bai tilasta wa kotun ƙasa jingine sauran al'amuran da ƙarar ba ta shafa ba.

A wannan gaɓa ce mafi yawan ɓarnar ta auku. Haƙƙin ɗaukaka ƙara shi kaɗai ba ya cinye shekaru. Haɗa shi da dakatarwa ne ke yin haka.

Shekarun da aka rasa

A shari'ar Amadi da kamfanin mai na ƙasa, NNPC, an shigar da ƙara a 1987, aka yi ta jayayya a kan hurumi har Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci a 2000 ta mayar da maganar babbar kotu a fara saurare. Shekara 13 ke nan ba a taɓa ainihin ƙorafin Amadi ba. Alƙalin Alƙalai na lokacin, Muhammadu Lawal Uwais, ya nuna takaicinsa a cikin hukuncin, ya ja hankalin lauyoyi su riƙa haɗa irin wannan ƙorafi da ainihin shari'a.

Shari'un tsofaffin gwamnoni sun maimaita labarin a idon jama'a. Hukumar EFCC ta gurfanar da Joshua Dariye na Filato a 2007. Ya ƙalubalanci tuhumar da hurumin kotun Abuja, aka bi matakai har Kotun Ƙoli ta kori ƙorafinsa a 2015, sannan aka koma sauraron shaidu. An same shi da laifi a 2018. Jolly Nyame na Taraba, wanda shi ma aka gurfanar a 2007, ya kai nasa ƙorafin Kotun Ƙoli, ta kore shi a 2010, hukunci bai zo ba sai 2018. Na Orji Uzor Kalu na Abiya sai 2016 Kotun Ƙoli ta share hanyar ci gaba da shi. A tsawon irin waɗannan shekaru shaidu suna mutuwa ko su manta, masu bincike suna barin aiki, alƙalai suna ritaya ko a ɗaga su zuwa kotun sama, a koma farko. Kuma wannan dabara ta mai hali ce. Talakan da ke tsare a gidan yari yana jiran shari'a ba shi da kuɗin hawa matakai uku a kan batun share fage, amma layin da waɗannan ƙararraki suka cika shi ne layin da tasa ƙarar take jira a ciki. Kotun Ƙoli ɗaya ce a Abuja, kuma kundin tsarin mulki ya ƙayyade alƙalanta ba za su wuce 21 ba, ban da Alƙalin Alƙalai.

Gyare-gyaren da aka yi

Sashe na 40 na dokar EFCC ta 2004 ya fara hana sauraron buƙatar dakatarwa a shari'un hukumar. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta faɗaɗa hanin: sashe na 306 ya ce kotu ba za ta saurari buƙatar dakatar da shari'ar laifi ba, sashe na 396 kuma ya ce ƙorafi a kan ingancin tuhuma za a yanke hukuncinsa ne tare da hukuncin ƙarshe. Dokar ta shafi kotunan tarayya da na Abuja, jihohi kuma suka kafa nasu a kan tsarinta, irin su Kaduna a 2017 da Kano a 2019.

Aiwatarwar ba ta zo da sauƙi ba. A Nuwamban 2015 Kotun Ƙoli ta dakatar da shari'ar Bukola Saraki a Kotun Ɗa'ar Ma'aikata, abin da ya jawo suka mai yawa, kafin ta kori ƙorafinsa a Fabrairun 2016. A 2017, a shari'ar Olisa Metuh, Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa sashe na 306 bai saɓa wa kundin tsarin mulki ba: mutum yana da haƙƙin ɗaukaka ƙara, amma ba shi da haƙƙin tsayar da shari'arsa saboda haka.

A fagen zaɓe an bi hanya mafi tsauri. Sashe na 285 ya ba kotun sauraron ƙararrakin zaɓe kwana 180, ɗaukaka ƙara kuma kwana 60. Gyara na huɗu ga kundin ya ƙara da cewa idan aka tayar da batun hurumi ko wani ƙorafin share fage, kotu za ta saurara amma ta riƙe hukuncinta sai ranar hukuncin ƙarshe. Da haka babu abin da za a ɗaukaka a tsakiya.

Ra'ayoyi masu karo da juna

Masu goyon bayan barin ƙofa a buɗe suna da hujjar da ba za a raina ba. Idan kotu ba ta da hurumi, tilasta wa mutum ya zauna shekaru yana kare kansa a gabanta zalunci ne, kuma ɓarnar lokacin kowa ce. Shari'ar Kalu ta ba su misali: an same shi da laifi a Disamban 2019, amma a Mayun 2020 Kotun Ƙoli, a ƙarar da wanda aka tuhume su tare ya ɗaukaka, ta rushe shari'ar dungurungum, domin alƙalin da ya kammala ta an riga an ɗaga shi zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara. Rikicin masarautar Kano ma ya nuna wani gefen: Babbar Kotun Tarayya ta ce tana da hurumi a Yunin 2024, ta ba da umarni masu nauyi, sannan a Janairun 2025 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce batun sarauta ba hurumin Babbar Kotun Tarayya ba ne. Akwai kuma cutarwar da ba ta jiran ƙarshe. Wanda aka hana beli bisa kuskure, ko aka rushe masa gini, ko aka raba uwa da ɗanta, nasarar da za ta zo bayan shekara biyar ba za ta mayar masa da abin da ya rasa ba.

Masu son a taƙaita suna cewa yawancin ƙorafe-ƙorafen tsakiya suna mutuwa da kansu, domin wanda ya sha kaye a ƙaramin batu yakan yi nasara a ƙarshe ya daina buƙatar ƙorafin. Suna kuma tunatarwa cewa sashe na 36 ya yi alƙawarin sauraron shari'a cikin lokacin da ya dace, kuma wannan haƙƙi ne na ɓangarorin biyu, har da al'umma a shari'ar laifi.

Idan aka auna, hujjar ɓangaren farko ta fi ƙarfi a inda cutarwa ba ta gyaruwa, wato beli, umarnin hani da riƙon yara. Ta fi rauni a kan doka zalla, domin ba kowane kuskuren doka ne ke da gaggawa ba, kuma mafi yawansu ana iya gyara su a zama ɗaya bayan an gama.

Yadda wasu ƙasashe suka yi

A kotunan tarayyar Amurka ƙa'idar jiran hukuncin ƙarshe tana nan tun dokar kotuna ta 1789. Keɓancewar kaɗan ce: umarnin hani, batun doka mai muhimmanci wanda alƙalin ƙasa ya ba da shaidar ya cancanci a duba shi da wuri, kotun sama kuma ta amince, bisa dokar 1958, da ƙa'idar da Kotun Ƙolinsu ta kafa a shari'ar Cohen a 1949, mai ba da damar ɗaukaka umarnin da ya warware wani muhimmin batu na gefe wanda ba zai gyaru ba idan aka jira. A ƙarƙashinta ne, a 1977, aka yarda wanda ke cewa ana sake gurfanar da shi a kan laifin da aka riga aka yi masa shari'a ya ɗaukaka ƙara kafin a fara zama. Ingila, bayan gyare-gyaren 1999, ta sa neman izini ya zama sharaɗi ga kusan kowace ƙarar farar hula da za a ɗaukaka. A Faransa, wadda Nijar ta gaji tsarin kotunanta, hukuncin share fage ba a ɗaukaka shi shi kaɗai sai tare da hukuncin ainihin magana, ban da inda doka ta keɓe.

Abin da ya rage

Gyare-gyaren Nijeriya sun taɓa shari'ar laifi da ta zaɓe, amma shari'ar farar hula, inda rigingimun filaye, bashi, kwangila da sarauta suke, tana nan a kan sashe na 241 kamar yadda yake. Ƙa'idojin kotu ko dokar majalisa suna iya hana dakatarwa, su gajarta lokacin shigar da takardu, ko su ɗora wa mai ƙorafin banza kuɗin ɗawainiya mai nauyi. Ba za su iya soke haƙƙin da kundin tsarin mulki ya bayar ba. Mayar da ƙorafin doka zalla ƙarƙashin izini, ko tsayar da ƙwarya-ƙwaryan ƙararraki a Kotun Ɗaukaka Ƙara kada su kai Kotun Ƙoli, yana buƙatar gyaran kundin, wato amincewar kashi biyu cikin uku na majalisun tarayya biyu da na aƙalla majalisun jihohi 24.